Idan Ɓargo Ya Daina Amsa Kira: Abin da Gwajin EPO da TPO Ke Faɗa wa Likita

A ƙarshen shekarar 1975 wani likita daga Jami'ar Kumamoto ta Japan, Takaji Miyake, ya isa birnin Shikago na Amurka riƙe da ɗan ƙunshi. Abin da ke ciki busasshen gari ne da aka tace daga fitsari lita 2,550, wanda aka tara daga majinyatan da ɓargon ƙashinsu ya ƙafe ya daina yin jini. Ya damƙa ƙunshin a hannun Eugene Goldwasser, masanin da ya kusa shekara ashirin yana farautar sinadarin da ke umartar ɓargo ya yi jajayen ƙwayoyin jini. Goldwasser ya daɗe yana tatsar jinin tumaki, abin da ya samu bai taka kara ya karya ba. Daga garin Miyake ne su biyu, tare da abokin aikinsu Charles Kung, suka fitar da kusan miligiram 8 na tsantsar sinadarin, suka bayyana sakamakon a 1977. Sunansa eritirofoyetin, a taƙaice EPO. Wannan ɗan abin ne ya buɗe hanyar gano ƙwayar gadon da ke yin sa, har aka kai ga allurar ƙara jini da ake yi wa masu wankin ƙoda, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 1989.

To me ya sa sai fitsarin waɗannan majinyata? Mutum zai zaci wanda jininsa ya ƙare shi ne zai rasa sinadarin da ke sa a yi jini. Akasin haka ne: a jikinsu EPO ya fi yawa, har yana malala cikin fitsari. Wanda ya gane dalilin haka ya gane rabin yadda likitocin jini ke karanta gwajin auna yawan EPO a jini.

Yadda kiran ke tafiya

Ɓargon baligi yana fitar da jajayen ƙwayoyin jini kusan miliyan 2 a kowace daƙiƙa, kowace ƙwaya kuma takan yi kwana 120 tana zagawa kafin saifa ta kawar da ita. Ɓargo ba ya yanke wa kansa adadin da zai yi. Ƙoda ce ke ba da umarni. A cikinta akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke auna iskar oksijin da jini ya kawo. Idan ta ragu, sai su saki EPO ya bi jini zuwa ɓargo, ya sauka kan wani makarɓi, wato wurin karɓar saƙo, da ke jikin ƙwayoyin da ba su nuna ba, ya hana su mutuwa, su girma su zama jajayen ƙwayoyi. Jini ya ƙaru, oksijin ta wadata, ƙoda ta sassauta. Ɗan tayi a cikin uwa hantarsa ce ke wannan aiki, bayan haihuwa sai ya koma hannun ƙoda, wadda ke yin kusan kashi 90 cikin 100. Tun 1957 Leon Jacobson da Goldwasser suka nuna ƙoda ce tushen, amma yadda ƙwayar halitta ke jin ƙarancin oksijin sai da aka shafe wasu shekaru arba'in kafin a warware shi. Wannan aikin ne ya ba William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza kyautar Nobel a 2019.

A jinin mai lafiya EPO yakan tsaya tsakanin kusan 4 zuwa 25 a ma'aunin da ake amfani da shi, wato miliyunit a kowane mililita, ko da yake kowane ɗakin gwaji da nasa iyakar. Idan jini ya faɗi ƙwarai, adadin na iya ninkawa sau ɗari, wani lokaci sau dubu.

Lamarin kamar baƙo ne da ya yi sallama a ƙofar gida. Idan aka amsa da wuri, da murya ƙasa-ƙasa zai tsaya. Idan shiru, zai ɗaga murya ya ƙara ɗagawa. Idan kuwa maigidan ya riga ya fito tun kafin a kira shi, ba za a ji sallamar ba ma. Saboda haka lambar EPO ita kaɗai ba ta da ma'ana sai an ajiye ta kusa da PCV (kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini) ko himogulobin (sinadarin cikinsu mai ɗaukar oksijin) na majinyacin a ranar da aka ɗebi jinin. EPO 15 ga mai PCV 42 lafiya lau ne. EPO 15 ga mai PCV 18 alama ce ƙoda ta gaza, domin ya kamata a ga ɗaruruwa. Takardar ɗakin gwaji za ta rubuta “daidai” a duka biyun, kuma a na biyun ta yaudari mai karatu.

Jini ya yi yawa, EPO ya yi ƙasa

Inda gwajin ya fi amfani shi ne ga mutumin da jininsa ya wuce kima. A wurinmu an saba da kukan ƙarancin jini, har wasu na ɗaukar PCV 55 abin murna. Ba abin murna ba ne. Jini mai kauri yana toshe jijiya, ya kawo shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya.

Dalilan yawan jini kashi biyu ne. Na farko, jiki ne da kansa ke nema: ciwon huhu mai daɗewa, ramin zuciya da aka haifi mutum da shi, shan taba ko shisha, yankewar numfashi a cikin barci, zama a kan tsaunuka masu tsayi. A nan EPO yakan hau, ko ya tsaya a tsakiya. Akwai kuma ƙari da ke yin EPO ba tare da an sa shi ba, kamar dajin ƙoda, dajin hanta, wani ƙari na ƙeyar ƙwaƙwalwa, har da ƙarin mahaifa a wasu mata. Na biyu, ɓargo ne ya ɓalle yana aiki ba umarni. Wannan ita ce cutar polisaitimiya bera, wadda likitan Faransa Louis Henri Vaquez ya fara bayyanawa a 1892. A cikinta ƙoda na ganin jini ya cika ya batse, sai ta rufe bakinta, EPO ya sauka ƙasa da iyaka, wani lokaci har na'ura ta kasa ganin sa.

A 1974 Jaroslav Prchal da Arthur Axelrad a Kanada suka lura cewa ƙwayoyin ɓargon masu wannan cuta suna girma a faranti ko ba a zuba musu EPO ba, abin da ƙwayoyin mai lafiya ba sa yi. Dalilin bai fito ba sai 2005, lokacin da ƙungiyoyin bincike huɗu a Faransa da Suwizalan da Amurka da Ingila, kowace da kanta, suka gano tangarɗa a ƙwayar gado mai suna JAK2. Ita JAK2 makunni ce a ƙarƙashin makarɓin EPO: saƙo ya sauka, ta kunna. Tangarɗar da ake kira V617F tana barin ta a kunne dare da rana. Kusan kashi 95 cikin 100 na masu cutar suna da ita, yawancin sauran kuma suna da wata tangarɗar a wani sashe na JAK2 ɗin, wadda aka gano a 2007. Ba gadon ta ake yi daga iyaye ba, a tsakiyar rayuwa take faruwa a cikin ƙwaya ɗaya ta ɓargo, zuriyar wannan ƙwayar ta mamaye sauran.

Ka'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2016 sun sa a fara zargin cutar idan himogulobin ya haura 16.5 ga namiji ko 16 ga mace, ko PCV ya haura 49 ga namiji ko 48 ga mace. Ƙarancin EPO yana cikin sharuɗɗan, amma a matsayin ƙaramin sharaɗi, kuma da dalili: akwai masu cutar da EPO ɗinsu ke fitowa daidai, musamman waɗanda gudan jini ya toshe musu jijiyar hanta. EPO mai ƙasa yana ƙarfafa zargi sosai, EPO na daidai ba ya wanke mutum. Alamar da majinyata kan ambata da kansu ita ce ƙaiƙayin jiki bayan wanka, tare da jan ido, ciwon kai da kumburin saifa. Magani ya fara da abin da ya fi komai sauƙi, wato zuƙe jini a kai a kai da ƙaramin asfirin. Wani bincike a Italiya kan majinyata 365, wanda aka buga a 2013, ya nuna waɗanda aka riƙe PCV ɗinsu ƙasa da 45 sun fi tsira daga mutuwar zuciya da manyan toshewar jijiya da kusan ninki huɗu. Masu haɗari sosai akan ƙara musu haidiroksiyuriya, maganin da iyayen masu sikila suka sani sarai.

Akwai wasu iyalai ƙalilan da ke gadon yawan jini, kuma gwajin EPO ne ke raba su gida biyu. Eero Mäntyranta, ɗan Finlan mai gudun zamiya a kan ƙanƙara, ya ci lambobi bakwai a wasannin Olamfik tsakanin 1960 da 1968, uku daga ciki na zinariya. Himogulobin ɗinsa ya haura 20. A 1993 Albert de la Chapelle da abokan aikinsa suka gano cewa a danginsa makarɓin EPO ne ke da gutsure a wutsiya, daidai inda birkinsa yake, don haka ɗan EPO kaɗan ya isa ya tayar da ɓargo. EPO ɗinsu yana ƙasa, kamar na polisaitimiya bera, amma ba su da tangarɗar JAK2. A yankin Chuvashiya na Rasha, a bakin kogin Volga, labarin ya sha bamban. Can tangarɗar tana cikin ƙwayar gado VHL, wadda ke cikin na'urar auna oksijin, an kuma tabbatar da haka a 2002. Jikinsu kullum yana jin kamar iska ta yi kaɗan alhali tana nan, EPO ya hau ko ya ƙi sauka duk da jinin ya yi yawa. Masu wannan suna fama da toshewar jijiya tun suna matasa.

Jini ya ƙare, EPO ya cika

Ƙafewar ɓargo, wadda likitoci ke kira afilastik anemiya, Paul Ehrlich ne ya fara bayyana ta a 1888. A Turai takan kama kusan mutum biyu cikin miliyan a shekara, a gabashin Asiya ta ninka haka sau biyu zuwa uku. A yawancin majinyata garkuwar jikinsu ce ke kai hari kan uwayen ƙwayoyin jini, ɓargon ya koma kitse. Wasu kuma ta biyo bayan hulɗa da sinadarin benzin, ko ciwon hanta, ko shan wasu magunguna. Kuloramfenikol na cikin sanannun, kuma har yau akwai masu sayen sa a kemis ba takardar likita da zarar an ce taifot. Jajayen ƙwayoyi, farare da filatilet, wato ƙananan ƙwayoyin da ke tsayar da jini idan an ji rauni, duka suna faɗuwa tare.

Ƙodar waɗannan majinyata ƙalau take, don haka tana zuba EPO iya ƙarfinta, har adadin ya kai dubbai. Akwai dalili na biyu da ba a cika ambata ba. Ƙwayoyin ɓargo idan sun karɓi EPO suna haɗiye shi ne, su lalata shi. Ɓargon da ya zama fanko ba shi da masu haɗiya, sai sinadarin ya taru. Shi ya sa mutum biyu masu himogulobin ɗaya za su iya bambanta sosai: wanda jininsa ke fashewa amma ɓargonsa na aiki tuƙuru EPO ɗinsa bai kai na wanda ɓargonsa ya ƙafe ba. Masu sikila ma sau da yawa EPO ɗinsu ba ya kaiwa inda ake zato ga irin ƙarancin jininsu, wani ɓangare saboda himogulobin ɗinsu na sakin oksijin cikin sauƙi, wani ɓangare saboda cutar na cin ƙoda a hankali.

Irin hauhawar EPO ta ƙafewar ɓargo ake gani a cututtukan da jajayen ƙwayoyi kaɗai suka tsaya. Akwai ta gado, Diamond-Blackfan, wadda kan bayyana a shekarar farko ta jariri. Akwai wadda ke zuwa wa manya tare da ƙari a wata gaɓa ta ƙirji mai suna taimos. Akwai kuma ta ɗan lokaci da ƙwayar cuta fabobairos B19 ke jawowa, wadda ke tsayar da ɓargo na kusan mako guda. Mai lafiya ba zai ma ji ba, amma yaro mai sikila, wanda jajayen ƙwayoyinsa ba sa wuce kwana 10 zuwa 20, PCV ɗinsa na iya rugujewa cikin 'yan kwanaki.

A duk waɗannan, yi wa majinyaci allurar EPO asarar kuɗi ce. Jikinsa ya riga ya cika da shi, mai amsawa ne babu. Ina ganin wannan ne darasin da ya fi shafar iyalai kai tsaye, domin allurar tana da tsada, kuma sunan da aka ba ta, “allurar ƙara jini”, yana sa mutane su ɗauka kowane ƙarancin jini take yi wa magani. Amfaninta na gaskiya yana wurin wanda ƙodarsa ta kasa yin nata. Ko a can ma da iyaka: manyan bincike a 2006 da 2009 sun nuna tura himogulobin ɗin masu ciwon ƙoda zuwa 13 yana ƙara haɗarin matsalar zuciya da shanyewar ɓarin jiki, shi ya sa likitoci ke tsayawa wajen 10 zuwa 11.5.

Wani abu mai ban tsoro ya faru daga 1998 zuwa farkon shekarun 2000. Wasu masu ciwon ƙoda a Turai da Kanada da wasu ƙasashe, waɗanda ake yi wa wani samfurin EPO a ƙarƙashin fata, sai jininsu ya faɗi warwas. Nicole Casadevall a Faris ta ba da rahoton mutum 13 a 2002: garkuwar jikinsu ta ɗauki allurar a matsayin baƙo, ta yi mata makami, makamin kuma ya hallaka har ɗan EPO ɗin da ƙodarsu ke yi. An danganta abin da sauyin da aka yi wa haɗin maganin da kuma robar sirinji, da aka gyara sai ya lafa. Wannan na cikin dalilan da suka sa ake tsananta ajiye allurar cikin sanyi da kuma sanin inda ta fito.

Lambar 500

Tsakanin ɓargon da ya ƙafe da wanda ya ɓalle akwai na uku, wanda ke aiki amma yana ɓata kaya. Cutar MDS, gurɓacewar ɓargo, ta fi kama dattawa. Ɓargon cike yake da ƙwayoyi, amma yawancinsu nakasassu ne, suna mutuwa kafin su fito. Wani kaso na majinyatan yakan rikiɗe zuwa sankarar jini. A nan EPO ba shi da tsayayyen hali: wani nasa 60, wani 2,000. Kuma a nan ne lambar ke yanke hukuncin magani kai tsaye.

Eva Hellström-Lindberg ta Suwidin da abokan aikinta suka tsara ma'auni a 1997 daga abubuwa biyu kacal: adadin EPO, da yawan ledar jinin da ake ƙara wa majinyaci a wata. Wanda EPO ɗinsa bai kai 500 ba kuma ba ya buƙatar leda biyu a wata, damar allura ta yi masa aiki ta kai kashi 74 cikin 100. Wanda ya faɗi a ɗaya daga cikin biyun, kashi 23. Wanda ya faɗi a duka, kashi 7. Daga baya aka ga ƙasa da 200 ya fi tabbas, kuma a kan wannan iyaka aka amince da maganin ga masu MDS a Turai a 2017. Hikimar a fili take: idan ƙoda ba ta riga ta ƙure muryarta ba, akwai sauran wurin ƙari. Wanda nasa ya haura 500 sai a duba masa wata hanya, kamar lenalidomaid ga masu gutsure a kuromosom na 5, ɗaya daga cikin ƙunshin ƙwayoyin gado, ko lusfatasaf, wanda aka amince da shi a Amurka a 2020 kuma yake aiki a matakin ƙarshe na nunar ƙwaya, inda EPO ba ya kaiwa.

TPO, da abin da ya ba kowa mamaki

Filatilet ma suna da nasu mai kira, turombofoyetin ko TPO, wanda aka gano ƙwayar gadonsa a 1994. Tsarinsa daban ne. Hanta ce ke yin sa, kuma kusan adadi ɗaya take fitarwa kullum. Abin da ke daidaita shi su ne filatilet ɗin da kansu da manyan ƙwayoyin ɓargo da ke haifar su: suna ɗauke da makarɓi mai suna MPL, suna tsotse TPO daga jini. Idan suna da yawa, TPO ya ragu. Idan sun ƙare, ya taru.

Wannan ya ba da hanyar raba cututtuka biyu da kan yi kama a takardar gwaji. A cutar ITP garkuwar jiki ce ke cinye filatilet bayan an yi su, ɓargon kuwa cike yake da iyayensu suna ta tsotsa, sai TPO ya fito daidai ko ya ɗan hau. A ƙafewar ɓargo iyayen ma babu, sai ya ninka sau goma ko fiye. A cutar da filatilet ke yin yawa saboda tangarɗa a ƙwayar gado ta JAK2 ko CALR ko MPL, za a zaci TPO zai sauka yadda EPO ke sauka a polisaitimiya bera, amma ba ya sauka, domin filatilet ɗin masu cutar ba su da isasshen makarɓi na tsotsa. Can gwajin ba ya raba komai.

Jarirai ƙalilan ake haifa da makarɓin MPL da ba ya aiki. Suna zuwa duniya da ƙarancin filatilet, TPO ɗinsu a sama ƙwarai, kuma cikin 'yan shekaru ɓargon gaba ɗaya ya ƙafe. Daga gare su aka tabbatar cewa TPO ba filatilet kaɗai yake kula da su ba, uwayen ƙwayoyin jini ma da shi suke rayuwa. Maganinsu dashen ɓargo ne. Amma akwai wasu yaran, mafi ƙaranci ma, da alamominsu iri ɗaya ne sak, sai dai su tangarɗar tana cikin ƙwayar gadon TPO ɗin kanta, don haka adadinsa a jininsu bai hau ba. Waɗannan ko an yi musu dashe ba ya kamawa, saboda matsalar a hanta take, sabon ɓargon ma yunwar TPO zai yi. Allurar romifulostim, mai kwaikwayon TPO, ita ke tashin su. Ga yaro irin wannan, lamba ɗaya ce tsakanin dashe mai haɗari da ba zai yi amfani ba da allurar mako-mako.

Da wannan fahimta, duk mai hankali zai ce ba wa mai ƙafewar ɓargo maganin da ke kwaikwayon TPO aikin banza ne, tunda nasa ya riga ya yi ambaliya. Haka mafi yawan masana suka ɗauka. Amma a cibiyar binciken lafiya ta ƙasar Amurka, NIH, Cynthia Dunbar da Neal Young da Matthew Olnes suka gwada ƙwayar eltirombofag mai kwaikwayon TPO, wadda aka amince da ita tun 2008 don ITP, a kan majinyata 25 da maganin danne garkuwa ya gaza a kansu. A 2012 suka ba da rahoto: 11 sun amsa, wasunsu ma ba filatilet kaɗai ba, har jajaye da fararen ƙwayoyi suka farfaɗo. An amince da maganin ga irin waɗannan majinyata a 2014, sannan a 2018 aka amince a haɗa shi tun farko da magungunan danne garkuwa, wato allurar ATG da ake samu daga jinin doki, da saikulosforin. Wani gwaji a Turai kan mutum 197, da aka buga a 2022, ya nuna bayan wata shida kashi 68 cikin 100 na waɗanda aka haɗa wa sun amsa, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 41.

Yaya aka yi? Bayanin da ya fi ƙarfi ya fito a 2019 daga NIH ɗin. A ɓargon da garkuwa ke yaƙa akwai wani sinadarin kumburi, intaferon gama, da ke manne wa TPO ya hana shi zama daidai a kan makarɓinsa. TPO yana nan da yawa, amma a ɗaure. Eltirombofag ƙaramin sinadari ne da ke kama makarɓin a wani wuri daban, can cikin fatar ƙwayar, inda intaferon ba ya tare shi. Ke nan yawan sinadari a jini bai nuna cewa saƙonsa na isa ba. A ganina wannan ne ya kamata ya sa a riƙa karanta duk waɗannan lambobi da tawali'u: ƙa'idar “abin da ya yi yawa ba a ƙara shi” ta yi daidai a EPO, ta karye a TPO. Wanda aka ba maganin kuma ya sani ba a shan sa kusa da madara, nono, ƙwayar ƙarin jini ko maganin gyambon ciki, domin yana kama ƙarfe da kalsiyam ya ƙi shiga jiki.

Mai kiran fararen ƙwayoyi, G-CSF, ba a cika auna shi ba. Yaran da ake haifa da tsananin ƙarancin nutirofil, wani rukuni na fararen ƙwayoyi masu yaƙar cuta, cutar da Rolf Kostmann ya bayyana a arewacin Suwidin a 1956, nasu G-CSF ba ya ƙasa, amma duk da haka allurar filgirastim mai yawa tana tayar da yawancinsu, ta mayar da cutar da a da ke kashe jarirai abin da ake rayuwa da shi, ko da yake sai an riƙa duba ɓargonsu saboda haɗarin sankarar jini. Kada a haɗa wannan da ɗan ƙarancin nutirofil da ake gani a yawancin mutanen Afirka ta Yamma masu rukunin jinin da ba shi da alamar Duffy. Wannan halitta ce, ba ta ƙara kamuwa da cuta, kuma ba ta buƙatar allura, ko da takardar da aka tsara da ma'aunin Turawa ta ja jan layi a ƙarƙashinta.

Wa ke buƙatar gwajin?

Mutane kaɗan ne. Ƙarancin jinin da ke cika asibitocinmu daga rashin sinadarin ƙarfe yake, da zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, juna biyu, zubar jini, sikila, ciwon ƙoda da cututtuka masu daɗewa. Babu ɗaya a cikinsu da ake buƙatar EPO kafin a gane shi. Cikakken ƙidayar jini, duba jini a madubin likita, ƙidayar sabbin jajayen ƙwayoyi da gwajin ƙoda sun fi shi faɗin gaskiya, kuma sun fi araha nesa ba kusa ba. Hatta mai wankin ƙoda ba a auna masa EPO kafin a fara allura, an riga an san bai isa ba, ƙarfen jikinsa ake aunawa.

Wurare biyu ne gwajin ke canza abin da likita zai yi: mutumin da PCV ɗinsa ya yi yawa ba a san dalili ba, inda ake haɗa shi da gwajin JAK2, da kuma wanda aka tabbatar yana da MDS ana shawarar ko a fara masa allura. Shi kuwa TPO har yanzu ya fi zama a ɗakunan bincike da manyan cibiyoyi, ganewar ƙafewar ɓargo kuma tana hannun allurar da ake ɗebo ɓargo da ita daga ƙashin ƙugu.

Lokacin ɗibar jinin ma yana da muhimmanci. Idan an riga an zuƙe wa mai yawan jini leda ɗaya ko biyu, ƙodarsa za ta farka, EPO ya hau zuwa daidai, alamar ta ɓace. Idan an ƙara wa mai MDS jini jiya, EPO ɗinsa zai sauka, ya nuna kamar yana ƙasa da 500 alhali ba haka yake ba, a sa iyalinsa sayen allurar watanni a banza. Don haka ana ɗiba ne kafin a zuƙe, ko dab da ƙarin jini na gaba lokacin da himogulobin ya fi sauka, a rubuta PCV da sakamakon ƙoda na wannan ranar a jikin takardar da za ta raka samfurin.